Albashi Da Naira, Cefane Da Dala: Malamin Firamare Da Hukumomin Kuɗi Na Duniya



Ranka ya daɗe shugaban reshe, sakatare da sauran shugabannin ƙungiya, iyayenmu malamai da suka ajiye aiki, shugabannin makarantu, 'yan uwana malamai maza da mata na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da iyalanmu da suka rako mu.

Shugabanni sun ɗora mini nauyin yin magana a kan abin da ake kira dunƙulewar duniya, da hukumomin da ke riƙe da akalar ciniki da kuɗi tsakanin ƙasashe. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan biri da gada? Mu da muke fama da aji cike maƙil, da rufin da ke yoyo, da hanyar da ba a binta sai da addu'a, me ya haɗa mu da Bankin Duniya? Uwargidan da ke karɓar kuɗin cefane a hannun malami ta riga mu sanin amsar, domin ita ke ganin yadda kuɗin jiya ba ya sayen tiyar yau.

Abu ɗaya nake so mu koma da shi gida. Shawarar da ake yankewa a Washinton da Jeniba tana iske mu har cikin aji, amma ba ta isowa sai ta biyo ta hannun wani ɗan ƙasarmu da ya rattaba hannu, a Abuja ko a Gusau ko a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ƙungiyar da ta san wannan hanya daga tushe har zuwa ƙarshe, ita ke sanin ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Layin dogo na 1929

Dunƙulewar duniya ita ce yadda kaya da kuɗi da labari ke ƙetare iyakoki cikin sauri, har farashin kasuwar ƙauye ya koma yana rawa da kiɗan da ake yi a wata nahiya. Kakanninmu ba baƙin fatauci ba ne. Fatake sun yi ta kai da komo zuwa Gwanja neman goro, ayarin Azbinawa ya kawo gishirin Bilma, tsohuwar hanyar da ta haɗa Katsina da Sakkwato kuma ta Zurmi ta bi. Sai dai a wancan zamani farke yana ganin abokin cinikinsa ido da ido, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama.

A shekarar 1929 abubuwa uku suka faru da suka canza wannan tsari. A shekarar ce layin dogo da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda ya tsaya. Turawan mulki ba don sada zumunci suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da auduga da fatu suke so su isa bakin teku, daga can a wuce da su masana'antun Ingila. A shekarar ce kuma aka haɗe manyan kamfanonin Turawa biyu aka kafa UAC, wanda ya zama jigo a sayen amfanin gona a ƙasar nan. A watan Oktoba na shekarar dai kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe, tattalin arzikin duniya ya durƙushe, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas a shekarun da suka biyo baya. Manomin Ƙaura da bai taɓa jin sunan Niyok ba ya ɗora gyaɗarsa kan sikeli, aka miƙo masa abin da bai taka kara ya karya ba, ga haraji da jangali na jiransa, kuma da tsabar kuɗi ake biyan su. Tun daga ranar farashin guminmu ya koma hannun mutanen da ba mu taɓa gani ba.

Hukumomin nan uku

A watan Yuli na 1944, yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba tukuna, wakilan ƙasashe 44 suka taru a wani wuri da ake kira Bretton Woods a Amurka, da niyyar kada irin rushewar 1929 ta maimaitu. A nan aka haifi tagwaye, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, da Bankin Duniya, dukansu da mazauni a Washinton. Aikin IMF shi ne sa ido kan kuɗaɗen ƙasashe, da bai wa ƙasa rance idan kuɗin wajenta suka ƙare har ta kasa biyan kayan da take shigowa da su. Bankin Duniya kuwa rance na dogon lokaci yake bayarwa don ayyuka irin su hanyoyi da madatsun ruwa da makarantu. Lokacin da aka yi wancan zama Najeriya tana ƙarƙashin Ingila, ba ta da kujera. Sai a 1961 ta shiga hukumomin biyu. Ta uku ita ce Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, mai mazauni a Jeniba, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1995, ta gaji yarjejeniyar rage harajin kwastan da aka ƙulla tun 1947. Ita ke riƙe da ƙa'idojin shige da ficen kaya, ita ke sauraron ƙara idan ƙasa ta zargi ƙasa. Tun daga watan Maris na 2021 'yar Najeriya ce, Dakta Ngozi Okonjo-Iweala, ke shugabantarta.

A ƙungiyarmu, ƙuri'ar hedimasta da ta malamin da aka ɗauka bara nauyinsu ɗaya. A IMF nauyin ƙuri'a yana bin yawan zubin ƙasa ne, zubin kuma yana bin ƙarfin tattalin arzikinta. Cikin ƙasashe 191, Amurka ita kaɗai tana da sama da kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'u, manyan shawarwari kuma ba sa wucewa sai da kashi 85. Ɗan aji shida ma zai fitar da amsar: in Amurka ta ce a'a, magana ta mutu. Najeriya mai mutane sama da miliyan 200, ƙuri'arta wajen rabin kashi ɗaya ce cikin ɗari. Bisa al'ada kuma Ba'amurke ne ke shugabantar Bankin Duniya, Bature daga nahiyar Turai ke shugabantar IMF.

Rancen IMF yakan zo da sharuɗɗa: a rage kashe kuɗin gwamnati, a janye tallafi, a bar kasuwa ta yanka wa kuɗin ƙasa daraja. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ko ƙasa ba ta karɓi rancensa ba, jami'ansa kan zo kowace shekara su duba littattafanta su rubuta rahoto, masu ba da bashi na duniya kuma da wannan rahoto suke auna ko za su ba ta, da yawan ruwan da za su ɗora mata.

Daga dalar gyaɗa zuwa SAP

A 1949 aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga, waɗanda a 1954 suka koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Hukuma ke yanka farashi, manomi ya san abin da zai samu tun kafin kaka, amma ana biyansa ƙasa da farashin duniya, rarar kuma da ita aka gina wasu masana'antu da manyan makarantu a Arewa. Don haka idan muna begen dalar gyaɗa, mu tuna gumin manomi ne aka jera buhu bisa buhu. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Najeriya fitar da gyaɗa. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, suka karya wannan ciniki, man fetur ya maye gurbinsa.

Kuɗin man ne suka ɗauki shirin ilimin firamare kyauta, UPE, a 1976, aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo da alli ba. Da farashin mai ya fara faɗuwa a 1981, makarantun nan ne suka fara jin jiki. A 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, malamai a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi, a 1984 jihohi da yawa suka dawo da kuɗin makaranta, yawan yara ya ragu. A 1985 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe muhawara kan karɓar rancen IMF, 'yan ƙasa suka nuna ba sa so, a watan Disamba aka sanar da cewa an ƙi shi. Watanni kaɗan bayan haka, a Yulin 1986, aka fito da shirin gyara tattalin arziki, SAP, da goyon bayan Bankin Duniya, ɗauke da kusan dukan sharuɗɗan da aka ce an ƙi. An ƙi cin biri an ci dila.

A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A gwanjon farko da aka yi na kuɗin waje a Satumbar 1986 ta haura naira 4. A shekarar aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka bar manomin auduga shi da dillali, ba tabbacin farashi, ba mai kula da ingancin iri. Mu da muka shiga firamare a waɗancan shekaru muna iya tuna abin da muka gani: littafi ɗaya tsakanin yara da yawa, zaman ƙasa, da malamanmu masu mutunci da suka koma haɗa koyarwa da tireda ko noman ƙodago don su ciyar da iyali. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya ɗan daidaita. A 1991 aka rushe ta aka miƙa makarantun ga ƙananan hukumomi, bashin albashi ya dawo, yajin aiki ya yi tsawo, har sai da aka sake kafa ta a 1993. Ku riƙe wannan shekara ta 1991, za mu dawo gare ta.

Auduga da masaƙu

Audugar yankinmu tana da inda take zuwa: gidan gurza a Gusau, sannan masaƙar Zamtex a nan Gusau ɗin da masaƙun Kaduna da Kano. A 1997 gwamnati ta ɗage haramcin shigo da yadi. A Disambar 2001 ƙasar Sin ta shiga WTO, ranar 1 ga Janairu 2005 kuma tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya ya ƙare. Atamfa mai araha ta kwararo ta tashar ruwan Kwatano, ta hau ta Maraɗi, ta sulalo mana ta ɓarauniyar hanya, har bayan an sake haramta ta. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, Zamtex ma a cikin waɗannan shekaru ta yi shiru. Da masaƙa ta tsaya, mai sayen auduga ya ɓace, uban yaran da ke ajinmu ya rasa abin da yake sayarwa ya ɗinka musu kayan makaranta.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. WTO ba ita ta ɗauke wutar lantarki a masaƙunmu ba, ba ita ta sa baƙin mai ya yi wuya ba, ba ita ke kau da kai idan motar fasa-ƙwauri ta zo wucewa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma a can ma akwai rashin adalci. Amurka ta daɗe tana bai wa manoman audugarta tallafi mai yawa, wanda ke danne farashin duniya, a daidai lokacin da ake ce wa ƙasashenmu su janye nasu. A 2003 ƙasashe huɗu masu noman auduga, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka haɗa kai suka kai kuka taron WTO a Kankun ta ƙasar Meziko, suka tilasta wa duniya sauraron maganar. Barazil kuwa ƙara ta shigar a 2002, ta yi nasara, har a 2014 Amurka ta biya dala miliyan 300 don a rufe shari'ar. Wanda ya san ƙa'ida, ya tara hujja, ya samu abokan tafiya, yana iya kayar da babba. Sai dai tun Disambar 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta daina aiki, saboda Amurka ta hana a naɗa sababbin alƙalai. Wannan ma ya kamata mu sani.

Kasuwar Shinkafi da iyaka

Mu mutanen bakin iyaka ne. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta yi suna ne saboda fataken Nijar da na kudancin ƙasar nan da ke haɗuwa a cikinta, hanyar Zurmi zuwa Gurbin Ɓore da Jibiya kuma kowa ya san inda ta nufa. A takarda, ƙofa a buɗe take: ECOWAS, da aka kafa a 1975, ta amince da zirga-zirgar mutane da kaya, Najeriya kuma ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai a watan Yuli na 2019. Wata guda bayan sa hannun, a Agusta, aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, iyaka ta sake rufuwa har farkon 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai a babban birni aka yanke shi, amma mai sayar da albasa da mai kora dabbobi su suka biya.

Ba zan ɗora wa wata hukumar duniya laifin 'yan bindigar da suka hana mu noma, suka rufe mana makarantu, suka sa aka dakatar da kasuwannin mako a 2021 ba. Wannan ciwo namu ne, maganinsa yana wuyan hukumominmu. Abin da zan ce kawai, inda sana'a ta mutu, makaranta ta yi rauni, ɓarna ba ta wahalar samun masu yi mata aiki.

Lissafi a kan allo

Yanzu mu hau allo. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, dala kuma wajen kwabo 61, wato kimanin dala 200. A 2011 naira 18,000, dala wajen naira 155, kimanin dala 115. A 2019 naira 30,000, dala wajen naira 360, kimanin dala 83. A Yulin 2024 naira 70,000, dala ta haura naira 1,500, kimanin dala 45. Lambar da ke takardar albashi tana hawa, abin da take saye yana sauka.

Wani zai ce, ni ban taɓa riƙe dala ba. Gaskiya ne, amma alkamar burodi daga waje take zuwa, haka yawancin magunguna da takarda da kayan gyaran babur. Takin zamani yana buƙatar sinadaran da ake sayowa daga Maroko da Rasha, shi ya sa yaƙin Yukren na 2022 ya iso gonakinmu. Geron da aka noma a nan ma a mota yake zuwa kasuwa. Sefa kuwa ɗaure take da kuɗin Turai, yuro, don haka duk lokacin da naira ta faɗi ita hawa take yi. A 2024 sefa 1,000, wadda 'yan uwanmu na Nijar ke kira jikka, ta haura naira 2,000. Mai sefa ya shigo kasuwarmu da ƙarfinsa, mai albashin naira ya tsaya kallo.

Shekaru da dama IMF da Bankin Duniya suna ba da shawarar a janye tallafin fetur, a haɗe farashin canji wuri ɗaya. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin, a watan Yuni Babban Banki ya saki naira. Litar fetur ta tashi daga wajen naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Masu goyon bayan matakin suna da hujjarsu, kuma mu 'yan bakin iyaka shaida ne: fetur mai tallafi ya daɗe yana ƙetarewa cikin jarkoki, canji iri biyu kuma 'yan tsiraru masu hanya ya azurta. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya wajen biyan bashi da ruwansa suka tafi. Gidan da ke haka dole a yi masa gyara.

Tambayar ita ce, wa ya ɗauki nauyin gyaran, wa kuma ya ci moriyarsa? Bayan janye tallafi, kuɗin da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi sun tashi daga wajen naira tiriliyan 10 a 2023 zuwa sama da tiriliyan 15 a 2024. Daga wannan rabo ake biyan malamin firamare. Kuɗin da aka cire daga aljihunmu a gidan mai, wani ɓangarensu ya dawo cikin asusun da albashinmu ke fitowa. Abin da ya same su daga nan, ba Washinton za mu tambaya ba.

Bashin da ke cikin ajinmu

Bankin Duniya yana cikin makarantunmu da kansa. Shirin BESDA na 2017, na dala miliyan 611, don mayar da yara makaranta a jihohi 17, ya haɗa da Zamfara. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, da aka fara a 2020, an faɗaɗa shi zuwa jiharmu a 2023. Waɗannan kuɗi rance ne mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, amma rance ne, da kuɗin waje za a biya, kuma yaran da ke gabanmu yau su za su biya. Ajin da aka gina da kyau da irin wannan kuɗi gado ne gare su. Wanda aka yi wa fenti kawai, iska ta yaye rufinsa a damina ta farko, bashi ne aka bar musu ba tare da komai a hannu ba.

Akwai kuma misalin da ke ba da ƙwarin gwiwa. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin ƙwadago da na addini a faɗin duniya suka yi gangamin neman a yafe wa matalautan ƙasashe bashi. A 2005 ƙasashe masu bin bashi da ake kira Paris Club suka yafe wa Najeriya dala biliyan 18 cikin kimanin biliyan 30, ta biya sauran ta kammala a 2006. Daga rarar da aka samu aka ɗauki nauyin shirin malamai na tarayya da ya fara a 2006, wanda ya tura masu takardar NCE makarantun firamare, da bitar da aka riƙa yi wa malamai lokacin hutu. Wasu a zauren nan ta wannan ƙofa suka shigo aiki. Matsin lambar talakawa masu tsari yana isa har teburin manya.

Abin da reshenmu zai iya yi

Ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a cikinsu.

Na farko, reshe ya kafa ƙaramin kwamitin lissafi. Ana wallafa rabon da kowace jiha da ƙaramar hukuma ke samu duk wata, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi. Kwamitin ya riƙa tattara su, ya kuma riƙa rubuta farashin tiyar gero da masara da shinkafa, da kuɗin mota, a kasuwannin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Matanmu da ke zuwa cefane su ne ƙwararru a wannan fanni, a sa su ciki. Dokar 2024 ta ce a riƙa duba mafi ƙarancin albashi duk shekara uku maimakon biyar. Idan lokacin ya zo, wakilanmu su shiga da littafi a hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma sai ya nuna wurin ake gyarawa.

Na biyu, duk aikin da aka kawo makarantunmu da kuɗin rance, hedimasta da kwamitin kula da makaranta su tambayi nawa aka ware, me aka rubuta za a yi, yaushe za a gama. Bankin Duniya yana sanya takardun ayyukansa a intanet, yana da ofishin karɓar koke, ƙasarmu kuma tana da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Tambaya cikin ladabi, a rubuce, da sa hannun ƙungiya, ba rashin kunya ba ce.

Na uku, mu tsaya bayan matsayin uwar ƙungiya kan tsare albashin malamin firamare. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ba mu ƙin 'yancin ƙaramar hukuma, amma mun ga 1991. A cire albashin malamai tun daga tushe kafin a taɓa sauran kuɗin, ko wane ne ke riƙe da asusun. Idan kuma muna maganar kasafin ilimi, mu yi amfani da lambar da ke tsaye. Ana yawan cewa UNESCO ta ce kashi 26. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron Inchon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Kasafin tarayya na shekarun nan bai kai kashi 10 ba. Jiharmu ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Nuwambar 2023. Mu riƙa auna wannan alkawari da kasafi, shekara bayan shekara. Ƙungiyarmu, wadda aka kafa tun 1931, tana cikin ƙungiyar malamai ta duniya, Education International, wadda ke tuhumar IMF kan shawarar taƙaita kuɗin albashin ma'aikata. Hujjar da muka tara a nan tana da hanyar isa can.

Na huɗu, mu koyar da wannan a aji. Yaron da ke Ƙaura ya san tashar jirgin da ke garinsu, ya san dalilin da ya sa aka kawo ta. Yaron Shinkafi ya yi lissafin canjin sefa da naira a darasin lissafi. Yarinyar Zurmi ta san cewa mace daga ƙasarta tana shugabantar cinikin duniya. Cikin yaran nan ne za a samu waɗanda za su zauna a madadinmu a waɗancan tebura, kuma ba za su iya kare abin da ba su fahimta ba.

Kakanninmu a 1929 ba su da hanyar sanin dalilin da ya sa sikeli ya juya musu baya. Mu an ba mu karatu, an ba mu ƙungiya, alƙaluman kuma suna cikin wayar da ke aljihunmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon a sa maganar kwamitin lissafi cikin abubuwan da za a tattauna a zama na gaba, a kuma nemi kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan ta ba da mutum biyu, namiji da mace.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da hanyoyinmu, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya ji ƙan malamanmu da suka riga mu, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu.